Shirun 'Yan Jirgi

Kuku ya bar aikin jirgin ruwa da daɗewa, amma har yau babu mai kiransa da wani sunan. Matarsa ma, in tsokana ta motsa mata, Kuku take ce masa. Rabin rayuwarsa a kicin ɗin jirgin dakon kaya ya yi shi, yana dafa wa ƙarti abinci a tukunyar da sai an ɗaure ta da sarƙa don kada igiyar ruwa ta kifar da ita. Da kamfanin ya karye aka sayar da jiragen, ma'aikata suka watse kamar an jefa dutse cikin tattabaru. Wani ya koma garinsu, wani ya bi 'ya'yansa wata ƙasa, wani ya yi aure a bakin wata tasha ya kafa gindi a can.

Abin da ya sake tara su wuri ɗaya shi ne zauren imel da Mai Rediyo ya buɗe. Tun a jirgi shi ke karɓar saƙo shi ke aikawa, da ya tsufa bai ga dalilin sauya sana'a ba. Abin ba shi da wuya: ka rubuta saƙo ɗaya ka aika wa zauren, ya faɗa akwatin kowa. Wanda ya yi jika ya faɗa, wanda aka yi wa aikin ido ya faɗa, wanda ya rasu ɗansa ya faɗa a madadinsa.

Auta, 'yar Kuku ta ƙarshe, ita ta buɗe masa akwati a wayarsa, ta nuna masa inda zai taɓa. Daga nan safiyarsa ta samu kai da gindi. Zai haɗa shayi, ya ja kujera bakin taga, ya saƙala tabarau a hanci, ya jira wayar ta yi 'yar ƙararta. Karatun a hankali yake yi, leɓe na motsi, don bokonsa bai wuce na karanta jikin gwangwani ba. Amma ko harafi ba ya tsallakewa. In ya gama sai ya kwashi labari ya kai wa uwargida a kicin. Ba ta taɓa ganin yawancin mutanen nan ba, amma ta san wanda ke fama da ƙafa da wanda surukarsa ta hana shi sukari.

Kuma ba ya goge komai. Wannan ɗabi'ar teku ce. Kukun jirgi ba ya jefar da abu, don babu kanti a tsakiyar ruwa. Buhun da aka juye shinkafa gobe shi ne tsumma, gwangwanin madara gobe shi ne ma'auni, igiyar da aka kwance daga kwali a naɗe ta a ajiye. Har yanzu ƙarƙashin gadonsa gwangwanaye ne a jere, wankakku, a kife. Uwargida ta yi faɗa har ta gaji ta sallama. To, haka ya ɗauki saƙonni. Na masu rai, na mamata, hotunan jikokin da bai san sunansu ba, har tallar katifa da ta ɓata hanya ta shigo, duk suna nan.

Cikin mutanen zauren, wanda Kuku ke fara neman sunansa kullum shi ne Gajere. Gajere dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar kicin, shi ya sa ma aka laƙa masa sunan. A ɗakin inji yake, shi ke ba inji mai. Ɗaki ɗaya suka kwana shekara da shekaru, Gajere a gadon sama ƙafafu na reto, Kuku a ƙasa yana tsine wa ƙafafun. Zai fito daga ƙasan jirgi baƙi wuluk, ya tsaya bakin kicin ya saci soyayyen kifi, ya cinye, sannan ya ce ba daɗi. Abotarsu duk da zagi aka gina ta, irin zagin da in baƙo ya ji zai ruga neman masu raba faɗa. Hannun Gajere na dama yatsu uku ne. Sauran biyun bel ɗin inji ya tafi da su, ranar da ya fizgo wani ma'aikaci da hannun rigarsa ya maƙale.

Wata safiya hira ta faɗa kan abincin jirgi. Gajere ya rubuta: "Teku duk gishiri ne, ban da miyar Kuku. Ku tambayi matarsa ta farko, ita ma ba ta jure ba."

Kuku ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake karantawa. Matar nan, dawowa ya yi daga tafiya ya tarar da ɗaki wayam, ko labule ba ta bari ba. Gajere ne ya rako shi gida ranar, shi ya ɗauko masa jaka, shi ya ga fuskarsa. Tun daga lokacin babu wanda ya ƙara ta da zancen. Zuciya ta ɗebe shi. Kafin shayinsa ya huce ya rubuta: "Da ka kula da inji yadda kake kula da tukunyar mutane, da yanzu yatsunka goma ne." Ya danna.

Magana zarar bunu ce. Yana dannawa ya san ya yi ɓarna, don kowa a zauren ya san yadda aka yi yatsun nan suka tafi.

Ranar, saƙo ɗaya ne ya ƙara shigowa, daga Mai Fenti, wanda ba ruwansa da abin da ake ciki, shi dai ya aiko da dogon bidiyon jirage. Washegari wayar ba ta yi ƙara ba. Kashegarinsa ma haka. Sai wani jan rubutu da ya fito a saman akwatin, cikin irin yaren nan na masu waya. Kuku ya dube shi sau ɗaya ya ce masu talla ne, ya ture shi gefe da babban yatsa.

Shi ya san abin da ke faruwa, ba sai an gaya masa ba. An yi masa shiru.

A jirgi babu ɗan sanda, babu alƙali, kuma babu inda mutum zai je ya huce. Don haka 'yan jirgi suna da hukuncinsu. Wanda ya ci mutuncin ɗan'uwansa a gaban jama'a, ba a dukansa, ba a kai shi gaban kyaftin. Shiru ake masa. Ba gaisuwa, ba miƙo gishiri, ba sannu da aiki. Zai zauna cikin mutane kamar buhun dankali, har ranar da zai miƙe a ɗakin cin abinci ya ba da haƙuri a gaban kowa. In an karɓa, sai a buga cokula a kan tebur. Kuku da kansa ya sha yi wa wasu, ya dire musu faranti ba tare da ya dubi idonsu ba. Ya taɓa ganin ƙaton da ke jan sarƙar anga yana hawaye saboda shirun nan.

"To ai shi ya fara," ya ce wa uwargida.

"Ni na tambaye ka?" Tana yanka albasa, ko juyowa ba ta yi ba.

"Ina dai faɗa miki ne."

"Ka faɗa min jiya, ka faɗa min shekaranjiya. Maigida, kira shi mana. Ba kana da lambarsa ba?"

"Ba a yi. Wanda aka yi wa shiru ba ya zagayawa ta bayan gida ya kama ƙafar mutum ɗaya. A gaban kowa aka ɓata, a gaban kowa ake gyarawa."

"Dokar wa ke nan?"

"Dokar jirgi."

"Jirgin da aka yanka aka sayar da ƙarfensa? Wataƙila ma da shi aka ƙera tukunyar nan."

Ya koma bakin taga.

Ya daure iya daurewa. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu iya magana, amma Kuku ya naɗa shi ya zauna da shi har ya fara yi masa nauyi. Daga ƙarshe wata safiya ya sauke. Ya daɗe yana lalubar haruffa kafin ya haɗa wannan: "Jama'a, na yi kuskure. Gajere, ka yafe mini. Hannunka ya fi bakina daraja." Ya aika wa zauren, ya ajiye wayar a cinya, ya kasa kunne yana jiran cokula.

Babu.

Wannan ne ya karya shi. Duk zamansa na teku bai taɓa ganin an miƙe an ba da haƙuri an ƙi buga cokali ba. Ke nan abin da ya faɗa ya wuce na yafewa.

Yakan fita da hantsi ya zauna wurin mai faci a bakin titi, inda tsofaffin unguwa ke taruwa a kan benci. Mutanen kirki ne, amma hirarsu ta ƙasa ce: magudanar ruwan da ta toshe, ɗan wane da ya sayi mota, likitan da ba ya kallon fuskar mutum. In ya ce, "Wata rana muna tsakiyar ruwa," sai su yi murmushin ladabi su jira ya kai aya. Su da furfura suka san shi. Waɗanda suka san shi da baƙin gashi, waɗanda suka ga ya tare tukunya da ƙirji jirgi na tangal-tangal, duk suna cikin wayar da ke aljihunsa, kuma sun juya masa baya.

Sai ya koma karatun tsofaffin saƙonni. Ga marigayi kyaftin yana kwatanta yadda ake shuka tumatir a tsohon baho. Ga Gajere yana yi masa tsiya a kan wata hula da ya sa a hoto, wai kamar an kifa wa randa murfi. Ya karanta zagin nan har ya haddace, wani lokacin ma ya ba shi amsa a fili, shi kaɗai a bakin taga. Abin da ya fi ci masa rai, mutanen nan duk sun manyanta, kuma Gajere na da hawan jini, ga shi ba ya jin maganar likita. In ya faɗi yau, wa zai gaya wa Kuku? Sai a yi, a gama, a share hawaye, shi yana nan yana jiran waya ta yi ƙara.

Da zaman taga ya ishe shi, ya faɗa wa kicin. Uwargida ta dawo daga kasuwa ta tarar ya dafa shinkafar da za ta ishi tasha guda, ya jera faranti a tebur, yana tsaye da ludayi yana kallonsu.

"Kuku, su wa za su ci wannan?"

"Hannu ne ya zarce."

Ta dube shi, ta dubi farantan. Ba ta yi faɗa ba, abin da bai saba gani ba. Ta shiga ɗaki ta kira Auta.

Auta a kantin magani take aiki. Ta biyo da yamma bayan ta tashi, farar rigar aikinta a kafaɗa, ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ja kujera kusa.

"Baba, Mama ta ce 'yan jirgi sun yi maka yaji."

"Mamarki bakinta ya fi rediyo."

"Ina jinka," in ji uwargida daga kicin.

"Kawo wayar in gani."

"Ba abin da ya samu waya. Tsakanina da mutanena ne, ba maganar yara ba ce."

Ta miƙo hannu ta bar shi a miƙe, irin yadda uwarta ke yi, har ya gaji ya ba ta. Ba ta daɗe tana dubawa ba ta ɗago.

"Baba, tun yaushe jan rubutun nan yake nan?"

"Masu talla ne."

"Ba talla ba ce. Cewa yake akwatinka ya cika."

"Akwati kuma ya cika? Ina ce iska ce a ciki."

"Iskar ma da mudu ake ba ka." Ta matso da wayar kusa da tabaraunsa. "In ya cika, saƙon da ya zo ba ya samun wurin zama, sai ya koma inda ya fito. Shi kuma zauren, in ya ga saƙo na ta dawowa daga ƙofa ɗaya, sai ya ɗauka mai gidan ya tashi, ya cire sunansa. Ba mutum ke yi ba, na'ura ce."

"Haka kawai, ba ta tambaye ni ba?"

"Ta tambaye ka. Tambayar ma ba ta samu wurin shiga ba."

Kuku ya ce, da wata ƙaramar murya, "Ban haƙurina fa?"

Ta ja yatsa a kan gilashin. "Ga shi nan zaune, bai fita ba. Ƙofar ta toshe ciki da waje."

Uwargida ta jingina da ƙofar kicin tana goge hannu. "Gwangwanaye," ta ce. "Na sha faɗa maka, tarin nan naka wata rana sai ya kore mu daga gida. Ashe kai zai fara kora."

Aikin sharewa ya zama ciniki. Kuku ya tsaya a kan Auta kamar jami'in kwastan.

"Wannan fa, mene ne?"

"Tallar katifa ce, Baba."

"Bar ta. Wata rana za a nemi katifa."

"Kantin ma ya rufe."

"To goge. A hankali."

Bidiyon Mai Fenti su suka cinye wurin, jirgi na shiga, jirgi na fita, jirgi na tsaye ba ya komai. Kuku ya yarda a goge su bayan an rantse masa cewa Mai Fenti ba zai sani ba. Da suka iso saƙonnin mamata ya ɗora tafinsa a kan wayar. Auta ta tsallake su. Jan rubutun ya ɓace.

Saura a mayar da sunansa cikin zaure, kuma wannan sai Mai Rediyo. Kuku ya yarda a kira shi, wai wannan maganar aiki ce, ba kamun ƙafa ba. Auta ta buɗe murya ta ajiye wayar a tebur. Mai Rediyo kunnensa ya yi nauyi, don haka ihu yake yi in zai yi magana.

"Wa ke magana?"

"Kuku ne."

"Wane Kukun? Mu namu ya sauka."

"Ban sauka ba. Akwatina ne ya cika."

"Me ya cika?"

Auta ta sunkuya ta yi masa bayani, ta maimaita, ta sake maimaitawa. Da ya gane, sai aka ji ya yi salati mai tsawo.

"Kuku, ka kashe mu. Duk saƙon da aka aika maka, sai na'ura ta sanar da ni ya dawo. Ni kuma kan maganar kawai nake karantawa, sauran rubutun ƙanana ne. Na ce wa jama'a, Kuku na mayar mana da faranti ba a taɓa ba. Kai ka fi kowa sanin ma'anar wannan."

Ya sani kuwa. A jirgi, mayar wa mutum da faranti ba a taɓa ba ya fi mari ciwo.

"Daga baya ta ce sunanka ya fita," Mai Rediyo ya ci gaba. "Muka ce shi ke nan, ya tafi da ƙafarsa. Wanda ya faɗa ruwa ake jefa wa igiya, ba wanda ya sauka ta tsani da jakarsa ba."

"Ba shiru kuka yi min ba?"

"Shirun me? Ku biyu muka haɗa muka wanke, shi ya fara kai ka ƙarasa. Washegari ma Gajere ya rubuto maka. A zaure, gaban kowa. Doguwar magana, Kuku. Ni da na yi shekaru ina karɓar saƙon haihuwa da na mutuwa, ban taɓa cire tabarau na share ido don saƙo ba sai ranar."

Kuku ya kama bakin tebur. Gajere, wanda ko ƙafarka ya taka sai ya ce kai ka sa ta a hanya.

"Me ya ce?"

"Ya ba ka haƙuri."

"Na ji. Amma me ya ce?"

"Kai, ina zan iya kawo shi yadda yake? Da na gaya masa ka mayar da shi, ya ce kowa ya goge, wanda bai goge ba shi da Allah. Muka goge. Mu ba irinka ba ne, muna jefar da abu. Tun daga ranar ko harafi bai ƙara rubutawa ba."

Kuku ya dubi Auta. Ta girgiza kai. "Wanda ya koma ya koma, Baba. Ba ya jira a bakin ƙofa."

Kafin magariba sunansa ya dawo cikin zaure, ban haƙurinsa ya fita. Amsoshi suka fara zubowa. Wani ya rubuta ya buga cokali, wani ya ce ya buga biyu, wani ya ce matarsa ta ƙwace cokalin don yana fasa mata tebur. Kuku ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana neman suna ɗaya. Babu shi. Da safe ma babu.

Sai da la'asar wayar ta yi ƙara, ba irin ta saƙo ba, ta kira. Ya ɗauka.

"Kai, mai dafa ruwa ya ƙone."

Gajere ne. Kuku ya nemi kujera ya zauna. Sun daɗe suna rubuta wa juna, amma rabonsa da jin muryar nan ya manta. Ta tsufa. Ta yi siriri, tana rawa a ƙarshen kalma. A rubutu mutum ba ya tsufa.

"Ɓarawon kifi," ya ce.

"An ce akwatinka ya cika. Ban yi mamaki ba. Mutumin da ke wanke ledar burodi ya shanya."

"Ka ga saƙona?"

"Na gani. Ɗan mitsitsi. Rowarka har a ban haƙuri."

"Naka fa? An ce dogo ne."

"Wa ya ce na rubuta wani abu?"

"Mai Rediyo."

"Mai Rediyo kurma ne."

"Da ido ake karantawa."

Gajere ya fashe da dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya daɗe. Kuku ya jira, yana jin yadda ake bubbuga masa baya a can.

"Kana shan maganinka kuwa?"

"Ka zama likita?"

"Sake aiko min da saƙon nan naka," in ji Kuku.

"Na goge."

"To faɗa min da baki."

"Irin wannan sau ɗaya ake yi, Kuku. Ranar na iya. Na ɗauka na kore ka, na ce bari in faɗi komai. Yanzu ga ka nan kana numfashi a kunnena, ina zan iya?"

"Kowa ya karanta ban da ni. Har Mai Fenti."

"Mai Fenti ba ya karatu."

"Ko layi ɗaya."

Kuku ya cire wayar daga kunne ya duba ko ta katse.

"Na ce ban kyauta ba," in ji Gajere a hankali. "Sauran kuwa, duk abubuwa ne da kana wurin aka yi su. Ba wanda ba ka sani ba."

Kuku ya gane iyakar abin da zai samu ke nan. Ya so ya ce wanne daga ciki, wace tafiya, wace tasha, amma ya san mutuminsa. In ka matsa masa sai ya koma zancen gishiri.

"Yaushe za ka zo?" ya ce.

"Kai ka zo. Kai ne mai ƙafafu."

"Gwiwata ba ta hawa mota mai nisa."

"Ni likita ya hana ni jirgin sama."

"To sai an samu sauƙi."

"Sai an samu sauƙi."

Dukansu sun san irin sauƙin da ake samu a shekarunsu, don haka babu wanda ya ƙara. Suna cikin haka ne wata ƙara ta taso daga bayan muryar Gajere, mai kauri, mai tsawo, irin wadda mutum ke ji a ƙirji kafin kunne. Kuku ya miƙe tsaye bai sani ba. Garinsu ko babban kogi babu. Rabonsa da jin wannan tun ranar da ya sauka.

"Mene ne wannan?"

"Wani jirgi ne zai fita. Ai gidan ɗana a saman tasha yake, kullum suna hana ni barcin rana."

"Babba ne?"

"Mai dakon kwantena. An cika shi har wuya. Ga ƙananan jiragen nan biyu suna jansa."

"Kai wayar bakin taga."

"Kai, hannuna zai gaji."

"Kai dai."

Aka ji jan silifa a ƙasa, aka ji ƙarar taga, sai iska ta cika wayar, da kukan tsuntsayen ruwa, da wani ƙarfe da ake bugawa can nesa. Uwargida ta leƙo za ta yi magana, ta ga fuskarsa, ta koma ta rufe famfon da ke zuba a kicin. Jirgin ya sake busawa, wannan karon ya ɗan yi nisa.

"Ya isa?" in ji Gajere. "Ya kusa fita bakin tasha."

"Kar ka kashe tukuna," in ji Kuku.